Asalin da ke cikin gafaka

A unguwar Birni ta Damagaram akwai wani tsohon malami, Babarbare, wanda shekarunsa suka haura tamanin. Haifaffen bakin tabki ne, can wajen Gigime. Almajirci ya kawo shi yamma tun yana saurayi, fatauci ya zaunar da shi, ya yi aure cikin Hausawa, amma har yau Hausar bakinsa ba ta rabu da ɗanɗanon Barbarci ba. Yana da wata gafaka wadda fatarta ta yi baƙi don tsufa, a cikinta kuwa akwai warƙa biyu da ya kwafo da hannunsa daga wajen mahaifinsa. Jerin sunayen kakanni ne, wane ɗan wane, har a kai can ƙoli inda aka rubuta Saifu ɗan Zi Yazan. Duk baƙon da ya daɗe a zaurensa sai ya ji wannan magana: “Mu daga Yaman muka fito.” Ba da alfahari yake faɗinta ba. Yana faɗinta ne kamar yadda mutum ke faɗin sunan garinsu.

Jikarsa tana karatun tarihi a jami'a a Yamai. A shekararta ta uku aka ba ta aikin rubutu a kan asalin daular Kanem, ta karanta abin da ta karanta, ta dawo hutu da nauyi a zuciya. Wasan jika da kaka ya ba ta damar ta ce masa tsoho mai rowa, shi kuma ya ce da ita amaryarsa marar iya tuwo, amma wasan bai kai ga a ce wa mutum takardar ubansa ba daidai take ba. Kwana da kwanaki tana kewaya maganar.

Abu na farko da ya kamata a yi wa tsohon adalci a kansa shi ne, ba shi ya ƙago zancen ba, ba kuma mahaifinsa ba. Tun ƙarni na 13 Ibn Sa'id, marubucin Andalus, ya rubuta cewa sarkin Kanem na zamaninsa daga zuriyar Saifu ɗan Zi Yazan yake, ya kuma ambaci babban birninsa Njimi da tsohon mazaunin kakanninsa Manan. Littafin jerin sarakunan Borno da ake kira Diwan, wanda Bajamushen nan Heinrich Barth ya samu kwafinsa a Kukawa a farkon shekarun 1850, da sunan Saifu ya buɗe. Shi kuwa Saifu mutum ne da tarihi ya sani: Bahimyare ne da ya nemi taimakon Farisa ya kori Habashawa daga Yaman a ƙarni na 6, daga baya masu hikaya suka mayar da shi gwarzon labaru. Saboda haka maganar da ake ji a wannan zaure ta kai aƙalla shekara ɗari bakwai tana yawo a bakin mutane. Wanda zai yi jayayya da ita sai ya yi da ladabi.

Sai dai tsufan magana daban, gaskiyarta daban. Larabawan da suka fara ambaton Kanem ba su ce komai game da Yaman ba. Al-Ya'ƙubi, wajen shekarar 872, ya ce Zagawa ne ke zaune a wani wuri da ake kira Kanem, gidajensu bukkokin kara ne, ba su da birane. Bayan kimanin shekara ɗari al-Muhallabi ya ƙara bayani: mutanen suna girmama sarkinsu har suna bauta masa, sun ɗauka ba ya cin abinci, a ɓoye ake kai masa shi, wanda kuwa tsautsayi ya haɗa shi da raƙuman da ke ɗauke da abincin, kashe shi ake yi nan take. Wannan siffar sarautar gargajiya ce ta ƙasar baƙar fata, ba ta yi kama da gidan wani basaraken Larabawa da ya yi hijira ba. Harshe ma shaida ne. Barbarci ɗan'uwan Tubanci ne da harshen Zagawa, duka ƴan dangin harsunan Sahara, ba su haɗa jini da Larabci ba in ban da kalmomin aro da addini ya kawo. Sai bayan Musulunci ya kafu a fada, sai bayan sarakuna sun fara zuwa hajji suna zama da malaman Masar, sannan sunan Saifu ya bayyana a ƙolin jerin.

Abin da ya fi damun jikar, kuma da gaskiyarta, shi ne yadda zancen Yaman ke rufe wani tarihi da ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba. Wanda ya dubi taswirar yau zai ga tabkin Cadi a matsayin ƙarshen ƙasashe huɗu: ƙarshen Nijar, ƙarshen Najeriya, ƙarshen Kamaru, gefen Cadi. Kowace gwamnati tana kallonsa daga nesa, kamar bayan gida. Alhali kuwa wannan kwari shi ne cibiyar nahiyar ta wannan sashe, nesa da kowane teku, inda ruwan Shari da Logon da Komadugu ke taruwa ba tare da mafita ba. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tabkin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka, wato teku ne sosai a tsakiyar ƙasa. Tsohon gaɓarsa na nan har yau, wani dogon tudun rairayi da ya ratsa ta Maiduguri da Bama, motoci na hawansa kullum ba tare da masu tuƙi sun san bakin ruwa suke takawa ba. A 1963 tabkin na da faɗin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan. Tarihin yankin duka haka yake tafiya, ruwa ya zo mutane su ja da baya, ruwa ya janye mutane su bi shi.

A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani icce mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. A 1994 masu binciken kayan tarihi daga jami'ar Frankfurt da ta Maiduguri, ƙarƙashin jagorancin Peter Breunig, suka tono shi daga zurfin kusan mita 5. Kwalekwale ne, tsawonsa ya ɗara mita 8, an sassaƙe shi daga gungume guda, bakinsa da bayansa a fiƙe, jikinsa siriri. Gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin ƴan ƙalilan mafiya tsufa a duniya. Ya kamata a tsaya a kan wannan kaɗan. Sassaƙa irin wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Wanda ya yi shi ya gaji sana'ar daga wasu, su ma sun gada. Kuma ba shi da gatarin ƙarfe, da dutse ya yi aikinsa. Tsakanin wannan masassaƙi da Saifu ɗan Zi Yazan akwai fiye da shekara dubu shida. Dalar Masar ma ba a yi mafarkin gina ta ba a lokacin da wannan jirgi ke yawo a kan ruwa.

Da ruwan ya ci gaba da janyewa, sai mutane suka sauko kan filayen da ya bari. Daga wajen 1800 kafin haihuwar Annabi Isa akwai makiyaya a yankin Gajiganna, da shanunsu da tukwanensu, daga baya suka kama noman gero. A Zilum, arewa da Maiduguri, an gano wani gari mai faɗin kusan hekta 12 wanda aka kewaye da gwalalo tun tsakanin 600 da 400 kafin haihuwar Annabi Isa, cike da ramukan ajiyar hatsi. Gari mai ganuwa ke nan a bakin Cadi, shekara dubu kafin a haifi Saifu. A kudancin tabki kuwa, kan baƙar laka da ake kira firgi wadda ruwa ke mamayewa kowace damina, mutane sun zauna a wuri guda, gida bisa kufan gida, har ƙasa ta taru ta zama tudu. Tudun Daima, wanda Graham Connah ya tona a tsakiyar shekarun 1960, ya haura mita 10, kuma wanda ya bi shi daga gindi zuwa sama zai ga zamanin dutse da ƙashi, sannan ƙarfe, sannan tagulla da duwatsun ado da suka zo daga nesa. Waɗannan mazauna tuddai su ne daga baya aka yi wa laƙabi da Sau, aka ce ƙattai ne masu ɗaukar giwa a kafaɗa. Ƙasusuwansu dai irin na kowa ne. Manyan tulunan da suke binne matattu a ciki da ƴan mutum-mutumin yumɓu da suka bari su ne suka ba masu labari abin ƙarawa. Kotoko na bakin Shari da Logon suna cewa su ne jikokinsu, kuma harshen Kotoko, kamar na Buduma mazauna tsibiran tabki, ɗan dangin Hausa ne. Masana ma sunan wannan tabki suka ba dangin harsunan gaba ɗaya. Wato jikar da ta tashi da Hausa a bakinta tana da wata igiya da ta ɗaure ta da tabkin ta wajen uwa, bayan wadda ta ɗaure ta ta wajen uba.

Abin da ya ɗaga Kanem bisa maƙwabtanta hanya ce. Daga arewacin tabki zuwa Fazzan akwai jerin dausayin Kawar, su Bilma da Dirku da Jado, waɗanda suka sa wannan hanya ta fi yawancin hanyoyin Sahara sauƙin ruwa. Marubutan Larabawa sun ce Uƙba ɗan Nafi'u ya kai Kawar tun wajen 666. Wanda ya riƙe bakin hanyar ta kudu shi ke da dawaki da tufafi da makamai na arewa, abin da yake bayarwa kuwa, tun zamanin al-Ya'ƙubi, mafi yawansa mutane ne. Kasuwar bayi ta Zawila da su ta yi suna. Kanem ba ta da zinariya irin ta Gana da Mali. Wannan gaskiya ce marar daɗi, amma duk wanda ya tsallake ta ba zai fahimci abin da ya biyo baya ba.

A kashi na ƙarshe na ƙarni na 11 mulki ya koma hannun Hume, wanda daga kansa ake lissafin sarakunan Saifawa Musulmi. Ɗansa Dunama, in ji Diwan, ya yi hajji sau biyu, a kowace tafiya yana barin bayi 300 a Masar, a ta uku ya nutse a teku. Zuwa farkon ƙarni na 13 har Kanem ta fitar da mawaƙin Larabci, Ibrahim al-Kanemi, wanda ya yi waƙa a gaban sarkin Muwahhidai a Marakish. A zamanin Dunama Dibbalemi, wanda ya yi mulki daga wajen 1210 zuwa 1248, ikon daular ya kai Fazzan. A shekarun 1240 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu. A 1257 kuma, kamar yadda Ibn Khaldun ya ruwaito, kyautar sarkin Kanem ta isa Tunis, cikinta har da raƙumin dawa, mutanen gari suka yi dafifi don kallo. A irin wannan zamani ne, lokacin da sarkin bakin tabki ke musayar wasiƙu da sarakunan da kowannensu ke da nasaba a rubuce, aka fara jin sunan Saifu.

Dibbalemin nan shi ne ya buɗe mune. Wani abu ne a naɗe, a rufe, da sarakuna suka gada kaka da kakanni, ana ɗauke da shi zuwa yaƙi, ba mai buɗewa. Diwan bai faɗi ko mene ne ba, ya bar wa Allah sani. An gargaɗi sarki, ya ƙi ji, ya buɗe, abin da ke ciki ya tafi. Abin mamaki shi ne hukuncin Ahmad ɗan Furtu, babban limamin Borno na ƙarni na 16. Da an zaci malami zai yaba wa sarkin da ya rusa kayan tsafi, amma shi sai ya kwatanta mune da akwatin natsuwa da aka ba Bani Isra'ila a zamanin Ɗalutu, ya ɗora alhakin fitinun da suka biyo baya a kan buɗe shi. Limamin ya fahimci cewa abin da ke haɗa dangogi daban-daban ƙarƙashin sarki guda ba lalle ne ya jure bincike ba, kuma wanda ya buɗe shi ya kamata ya tanadi abin da zai sa a madadinsa. Wannan wurin ne jikar ta fi maimaita karantawa, don ta ga kanta a ciki, da gafakar kakanta a gabanta.

Fitinun kuwa sun zo. A ƙarni na 14 sarakuna huɗu a jere, ƴaƴan uba guda, suka mutu a yaƙi da Sau. Sannan Bulala suka taso daga gabas, suka yi ta kashe sarki bayan sarki, har Mai Umaru ɗan Idrisu ya kwashe jama'arsa a shekarun 1380 ya bar Kanem ya koma yammacin tabki. A cikin wannan hali na gudun hijira aka rubuta wasiƙar da ta fi kowace takarda bayyana amfanin zancen Yaman. A shekarar 794 ta Hijira, wato 1391 zuwa 1392, wasiƙar Mai Usmanu ɗan Idrisu ta isa hannun Sarkin Masar Barƙuƙ. Kuka ya kai: Larabawan Juzam sun afka wa ƙasarsa, sun kama ƴantattun Musulmi, mata da yara da raunana, har da dangin sarki, suna sayar da su ga fataken Masar da Sham. Ya roƙi a bincika kasuwanni, a tambayi waɗanda aka kama, duk wanda ya ce shi ɗa ne kuma Musulmi a sake shi. Don ƙarfafa hujjarsa sai ya gabatar da kansa a matsayin jikan Saifu ɗan Zi Yazan, Balarabe, Baƙuraishe. Al-Ƙalƙashandi, magatakardan fadar Masar da ya adana wasiƙar cikin littafinsa, bai bari ta wuce ba: ya lura cewa kuskure ne, domin Saifu Bahimyare ne, ba ya cikin Ƙuraishawa.

Magatakardan ya yi daidai a ilmin nasaba. Amma wanda ya karanta wasiƙar da zuciya zai ga abin da ya fi kuskuren girma. Sarki ne da aka kora daga ƙasar kakanninsa, ana sayar da ƴan'uwansa a kasuwa, yana neman kalmar da za ta sa mai ƙarfi ya ɗauke shi a matsayin mutum. Musulunci kaɗai ya kamata ya isa, shari'a ta hana bautar da ɗa Musulmi, amma ya san a idon ɗan kasuwar Alƙahira baƙar fata daga bakin tabki haja ce, sai ya ƙara da nasaba. Garkuwa ce. Kuma ɗaci na biyu shi ne, gidan da ke wannan kuka shi ne gidan da ya shekara ɗaruruwa yana tura wasu ta wannan hanya, mutanen tuddan firgi da na kudu da su, waɗanda ba su da Saifun da za su ambata.

Sauran labarin sananne ne. Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a bakin Komadugu Yobe wajen 1470, ɗansa Idrisu Katakarmabe ya sake shiga Njimi da yaƙi, Idrisu Alauma ya kai daular ƙololuwarta a ƙarshen ƙarni na 16, gidan Saifawa bai faɗi ba sai 1846. Komawar nan yamma ita ta kawo Borno ƙofar ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ambaci zuwan wani basaraken Borno, Dagaci, a zamanin Sarki Dauda, a farkon ƙarni na 15. Galadima da ciroma da yarima duk daga can suka zo. Joseph Greenberg ya nuna tun 1960 cewa “karatu” da “rubutu” da “kasuwa” ta bakin Barebari suka shigo Hausa, ko da yake tushen “karatu” da “kasuwa” Larabci ne. Ko Bayajida, a labarin Daura, sai da ya yada zango a Borno ya yi aure kafin ya ƙaraso, shi ma daga gabas, shi ma ɗan sarki. Hausawa ba su da bakin yi wa Barebari dariya a kan wannan. Njimi kuwa ta ɓace har ba a san inda take ba. A ƴan shekarun nan ne masu bincike suka tona wani kufai mai ginin jan bulo a Tié, cikin Kanem ta ƙasar Cadi, wanda shekarunsa suka dace da zamanin, suna ganin mai yiwuwa ita ce.

Daren da ya rage kwana biyu ta koma Yamai, bayan sallar lisha, jikar ta kai wa tsohon shayinsa ta zauna a bakin tabarma. Ba ta fara da Saifu ba. Da kwalekwalen ta fara, ta nuna masa hotonsa a waya, ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ya tambayi irin iccen, ta ce dangin maɗaci ne. Ya tambayi tsawonsa, ta faɗa, ya auna da idonsa daga ƙofar zaure zuwa gindin darbejiya. Sannan ta ba shi labarin wasiƙar Mai Usmanu, da abin da magatakardan Masar ya ce, ba ta rage komai ba.

Ya yi shiru har shayin ya huce.

“To, amarya,” ya ce, “su mutanen da aka kama, an sako su?”

Ta ce littafin wasiƙar kawai ya adana.

Ya jinjina kai. Ya jawo gafakar, ya kwance igiyarta, ya fito da warƙa biyun ya miƙa mata, abin da bai taɓa yi wa ko ƴaƴan cikinsa ba. Ya ce ta kwafa da hannunta kafin ta tafi, kada ta canja ko wasali, tun daga Saifu har zuwa kansa. In ta gama, ta bar fili a saman takardar, ta rubuta masa sunan garin nan da aka tono jirgin, don shi ba zai riƙe ba.

“Dufuna, Kaka.”

“Da wace harafi ake fara shi, dal ko ɗa?”

Ta ce dal. Ya ce ta ɗauko tawada a bayan ƙofa.